Kitsen da Sikeli Ba Ya Gani Bayan Raunin Laka

Nauyina bai ƙaru ba tun da na ji rauni a laka, amma likita ya ce kitse ya yi mini yawa. Ta yaya?

Sikeli nauyi kawai yake aunawa, ba ya bambanta tsoka da kitse. Da zarar saƙon ƙwaƙwalwa ya daina kaiwa ƙasan inda laka ta ji ciwo, tsokokin wurin sukan fara motsewa tun a makonnin farko, musamman na cinyoyi da ɗuwawu, waɗanda su ne manyan tsokokin jiki. Kitse kuma sai ya maye gurbinsu: wani ya kutsa cikin tsokar kanta, wani ya taru a ciki, ya lulluɓe hanji da hanta. Mutum yana nan a kilo 65 ɗinsa, amma abin da ya haɗa kilo 65 ɗin ya canza. Shi ya sa ma'aunin BMI, wanda ke gwama nauyi da tsawo, yake ruɗar mutane a nan. Ga mai lafiya, sai ya kai 30 ake cewa ƙiba ce. Ga mai raunin laka kuwa, ƙa'idojin da ƙungiyar Paralyzed Veterans of America, ta tsofaffin sojojin Amurka masu shanyewar jiki, ta fitar a 2018 sun ce daga 22 ake fara ɗaukarsa mai ƙiba.

To, me ya haɗa wannan da ciwon suga?

Tsoka ce babbar ma'ajiyar suga. Bayan cin abinci, sinadarin insulin ne ke tura sugan jini zuwa cikin tsoka, kuma ita ke karɓar kaso mafi girma. Idan ta ragu, kuma wadda ta rage kitse ya cika ta, sai sugan ya daɗe yana yawo a jini, jiki ya yi ta ƙara fitar da insulin amma tsoka ba ta jin kira. Kitsen ciki ma ba zaman banza yake yi ba, yana sakin sinadaran da ke haddasa kumburi a jijiyoyin jini. A gwajin jinin irin waɗannan majinyata ana yawan ganin kolesterol mai amfani, wato HDL, ya yi ƙasa.

Wani abin lura: gwajin suga na safe kafin karin kumallo na iya fitowa daidai alhali matsalar ta fara. Gwajin da ake shan ruwan suga a sake aunawa bayan awa 2 ya fi saurin bankaɗo ta.

Sai in rage cin abinci ke nan?

Rage yawa, i. Yunwa, a'a. Jikin da tsokarsa ta ragu ba ya ƙona abinci kamar da, don haka kwanon da ya dace kafin rauni yanzu ya wuce kima. Amma duk wanda ya yanke nama, kifi, ƙwai da wake, yana iya jawo wa kansa gyambon zama ko na kwanciya wanda ba ya warkewa da wuri. Zaƙi da kayan sha masu suga su ne na farkon sallama.

Wane motsa jiki mai zama a keken guragu zai iya?

Ƙa'idojin ƙasa da ƙasa na 2018 sun ce, domin lafiyar zuciya da suga, a yi aƙalla minti 30 na motsa jiki mai sa numfashi ya ɗaga, sau 3 a mako: keken hannu, iyo, ko tura keke da sauri. A haɗa da ƙarfafa tsokokin da ke aiki sau 2 a mako. Akwai kuma na'urar da ke motsa shanyayyun ƙafafu da lantarki su taka keke, tana rage motsewar tsoka. A kula da kafaɗu sosai, domin su ne ƙafafun yanzu. Wanda rauninsa yake daga ƙashin baya na T6, wato na shida a sashen ƙirji, zuwa sama ya fara tuntuɓar likita, saboda jininsa na iya hawa farat ɗaya, da ciwon kai mai tsanani da gumi, in mafitsara ta cika ko wani abu ya matse fata.

Magunguna na da hannu?

Wasu, kamar pregabalin da amitriptyline da ake bayarwa domin zogin jijiya, suna ƙara nauyi. Kada a daina su kai tsaye. A gaya wa likita ya duba ko akwai madadi.