Gudun fanfalaki na farko a kan takalmin taya: tambayoyin da sababbi ke yi

Wai nisan nawa ne, daidai yake da na masu gudun ƙafa?

Daidai yake, kilomita 42 da mita 195. Bambancin kawai lokaci ne. Bart Swings ɗan Beljiyam, wanda ya ci zinare a gudun kan ƙanƙara a Olamfik ɗin Beijing na 2022, ya sha gama tseren takalmin taya na Berlin ƙasa da awa ɗaya, amma kai da kake sabo in ka gama cikin awa 2 ko da ɗan ɗoriya ai ka yi abin a yaba. Ka dai duba dokar gasar, yawancinsu suna da lokacin da ake rufe hanya.

Dole sai na sayi takalmin 'yan tsere?

A'a wallahi. Na 'yan tsere gajere ne, iya idon sawu yake tsayawa, tayoyinsa manya milimita 110 ko 125, kuma yawanci ba shi da birki a dunduniya. In ƙafarka ba ta saba ba, kafin kilomita 15 idon sawunka zai fara lanƙwashewa ciki kana ji kana gani. Takalminka mai dogon wuya mai taya 90 ko 100 zai kai ka lafiya lau. Kar dai ka kuskura ka sa sabon takalmi ko sabuwar safa ranar gasa, bororo ɗaya a dunduniya ya isa ya ɓata maka komai. Daren jajibiri ka bi kowace taya ka ɗaure ta tamau, ka juya ta ka ji ko boris na ƙara. Hular kwano kuwa ba zaɓi ba ce, ba ta ba shiga.

Me ya fi ba mutum wahala a hanya?

Baya. Kowa cinya yake tunani amma ƙugu da gadon baya ne ke fara kuka, don a sunkuye kake tafiyar, gwiwa a lanƙwashe, hannu biyu a goye a baya, minti 20 na farko daɗi ne, can wajen kilomita 30 sai ka ji kamar an ɗora maka dutse a ƙugu, ka miƙe iska ta tare ka, ka sunkuya baya ya ce bai yarda ba. Maganinsa atisaye mai tsawo ne. Wata 2 zuwa 3 kafin ranar ka riƙa fita doguwar tafiya sau ɗaya a sati kana ƙara nisa kaɗan-kaɗan har ka taɓa yin kilomita 30 a jere.

Wannan layin da suke jerawa fa, kamar tarago?

Nan sirrin yake. Na gaba shi ke fasa iska, na baya suna shan inuwarsa, ƙarfin da ake ragewa ba kaɗan ba ne, shi ya sa wanda ya fi ka rauni zai iya riga ka isa in ya samu layi kai kuma kana ta fama kai kaɗai. Amma akwai ladabi. Ka daidaita takunka da na gabanka, in ya tura hagu ka tura hagu, in ba haka ba tayoyinku za su haɗu ku zube gaba ɗaya. In kana neman hawa kansa ka ɗan dafa bayansa a hankali, ban da ture. In ka ga rami ko tsakuwa ka nuna da hannu ka yi magana don na bayanka kai kaɗai yake gani. Kuma in juyinka ya zo ka ja gaba ko na ɗan lokaci ne, ba a son mai shan inuwa kyauta. Ni a ganina gara ka nemi mutum 3 ko 4 ku gwada wannan tun kafin gasa, ranar ba ranar koyo ba ce.

In aka yi ruwa fa?

Kwalta jiƙaƙƙiya santsi gare ta, fentin layin titi da murfin ƙarfe sun fi komai. Ka gajarta taku, ka rage gudu a kwana. Akwai tayoyin ruwa na musamman in kana da hali.

Wace gasa aka fi sani?

Ta Berlin a Jamus ce babba a duniya, ana yin ta watan Satumba, ranar Asabar kwana ɗaya kafin ta masu gudun ƙafa. A Amurka akwai NorthShore, daga Two Harbors zuwa Duluth a jihar Minnesota, hanyar tana bin bakin tafkin Superior.

Da an busa sai in fizga?

Kul. Cunkoso ya fi yawa a farko, kowa jininsa ya hau. Ka tsaya rukunin da ya dace da gudunka, ka bar masu zafin kai su wuce, sai hanya ta ɗan buɗe ka leƙa layin da takunsa ya yi maka ka shige bayansu, gorar ruwanka a ƙugu don kar ka saki layi saboda karɓar kofin ruwa ɗaya.