Shimfiɗa bayanai a jerin faya-fayan RAID na manhaja

Shimfiɗa bayanai ita ce hanyar rarraba gunduwoyin bayanai a kan faya-fayan ajiya da dama da aka haɗe suna aiki kamar guda, ta yadda mutuwar ɗaya ba za ta tafi da komai ba. Idan manhaja ce ke kula da rabon, ba wani kati na musamman da aka sa wa kwamfuta ba, ana kiran tsarin RAID na manhaja. RAID taƙaitaccen suna ne na Turanci ga irin wannan jerin faya-fayai.

Tarihi

Dabarar ta girmi sunanta. Tun a 1977 Norman Ken Ouchi na kamfanin IBM ya nemi rajistar mallakar irinta. Sunan RAID kuwa ya ɓullo ne wajajen 1987 a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, a 1988 kuma David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz suka fitar da maƙalar da ta jera matakan RAID biyar, daga RAID 1 zuwa RAID 5. Hujjarsu ita ce ƙananan faya-fayai masu araha sun fi babba guda sauri, sai dai yawansu na ƙara yawan lalacewa.

Ginshiƙin tsarin shi ne lissafin ceto, wanda masana ke kira fariti. Wanda ya san jimillar lambobi uku 20 ce, biyu kuma 5 da 8 ne, ya san wadda ta ɓata 7 ce. RAID 4 na tara wannan lissafi a faifai ɗaya, aiki ya yi masa yawa. RAID 5 na zagayawa da shi a kan duka, da faifai uku aƙalla. RAID 6 na ajiye lissafi biyu, ya jure mutuwar biyu.

Inda gizo ke saƙar shi ne lokacin farfaɗowa, wato sake gina bayanan faifan da ya mutu. A RAID 5 sai an karance kowane faifan da ya tsira, a zuba sakamakon a sabo guda, aikin da kan ci awoyi ko kwanaki. Wani faifan ya mutu a tsakani, an yi asarar komai. Muntz da Lui a 1990, sannan Mark Holland da Gibson a Jami'ar Carnegie Mellon a 1992, suka nuna mafita: a ƙanƙanta rukunin lissafin, a warwatsa shi a kan faya-fayai masu yawa. Farfaɗowa ta zama aikin gayya, kowa ya ɗauki kaɗan. Dabarar ta shiga OpenZFS 2.1, wata manhajar tsara ajiyar bayanai, a 2021 da sunan dRAID.

A Linux

A Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, manhajar mdadm ce ke harhaɗa jerin. RAID 10 nata, wanda ke ajiye kwafin bayani maimakon lissafin ceto, na da shimfiɗa uku, gwargwadon nisan da ake sa wa tsakanin kwafi da kwafi.

A Kano

Babbar barazana a nan ɗauke wuta ce. In wuta ta tafi an rubuta bayani ba a rubuta lissafinsa ba, su biyun sun saɓa, kuma ba lalle a gane ba sai ranar farfaɗowa. Inbata da batir na toshe gibin da ke tsakanin ɗaukewar da tashin janareta. RAID-Z, tsarin RAID na manhajar ZFS (tushen OpenZFS), wanda Sun Microsystems ya fitar a 2005, ya kauce wa matsalar domin ba ya rubutu a kan tsohon bayani. Zafin bazara da ƙurar hunturu kuma duk faya-fayan da ke akwati ɗaya suke samu tare, lissafin ceto kuwa ya ginu ne kan cewa ɗaya bayan ɗaya za su mutu.

Saɓani

Ana jayayya kan wanda ya fi tsakanin kati da manhaja. Masu kati na kafa hujja da batirinsa da ke riƙe bayani in wuta ta ɗauke, masu manhaja da sauƙin mayar da faya-fayai wata kwamfutar.