Ma'anar UTF-8 da dalilin da ƙ ke rikiɗewa a manhaja

Kwamfuta lamba kawai ta sani. Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, shi ne kundin da ya ba kowane harafi lambarsa: ƙ ita ce U+0199, ɗ U+0257, ɓ U+0253, ƴ kuma U+01B4. UTF-8 kuwa, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, hanya ce ta ajiye waɗannan lambobi a cikin bayit, wato ƙananan ma'aunan da kwamfuta ke ajiye bayanai da su. Haruffan Turanci bayit ɗaya suke ci, masu ƙugiya biyu, emoji yawanci huɗu.

Lalacewar iri uku ce, kuma kowace da maganinta. Idan “ƙasa” ta koma “Æ™asa”, rubutun yana nan lafiya. An ajiye ƙ da bayit C6 da 99, sai wata manhaja ta karanta su ɗai-ɗai da wani tsohon tsarin haruffa mai suna Windows-1252. A gaya mata UTF-8 ne, shi ke nan. A shafin intanet ana sa `<meta charset="utf-8">` cikin bayit 1024 na farko. Excel ma yakan rikita haruffa haka a fayil ɗin CSV marar BOM a farkonsa, wato ɓoyayyiyar alamar da ke nuna masa UTF-8 ne.

Idan akwatuna ne suka bayyana a madadin harafin, salon haruffan (font) ne ba shi da zanen harafin. A canza zuwa salon da ke da shi, irin Noto.

Mafi muni ita ce alamar tambaya, “?asa”. Nan harafin ya ɓace tun wajen ajiya, galibi don an kafa teburin ma'ajiyar bayanai da latin1, tsarin haruffan da ba shi da ƙ, kuma ba a dawo da shi sai da kwafin asali. A manhajar ma'ajiyar bayanai ta MySQL a zaɓi utf8mb4, wato cikakken UTF-8, tun ranar farko, a teburi da kuma hanyar haɗi.

Akwai abin da masu tsara manhaja ke yawan mantawa. Mutane da yawa “kasa” suke bugawa a akwatin bincike, saboda allon wayarsu ba shi da ƙugiya, kuma ya kamata “ƙasa” ta fito musu. Dabarar Unicode mai suna NFD da ke raba é zuwa e da alamarta ba ta aiki a nan, domin Unicode bai raba ƙ gida biyu ba. Dole mai rubuta manhaja ya haɗa ƙ da k, ɗ da d, ɓ da b da hannunsa.

Saƙon tes ma yana da tasa matsalar: ƙ guda ɗaya tana sauke shi daga haruffa 160 zuwa 70, kuɗin aikawa na iya ƙaruwa.