Tambayoyi da Amsoshi a kan Kiwon Karen Skye Terrier

Wane irin kare ne wannan, kuma daga ina ya fito?

Sunansa ya samo asali ne daga tsibirin Skye da ke arewa maso yammacin Sikotilan, inda manoma suka daɗe suna kiwonsa domin ya bi yanyawa da sauran dabbobi masu ɓarna har cikin ramukansu da kogunan duwatsu. Aikin ne ya ba shi siffarsa. Tsayinsa daga ƙasa zuwa kafaɗa bai wuce kimanin santimita 25 ba, amma tsawon jikinsa ya ninka haka, ga gajerun ƙafafu masu ƙwari da muƙamuƙi mai ƙarfi. Gashinsa hawa biyu ne, na ciki gajere mai laushi, na waje kuwa dogo mai kaushi wanda ke rabuwa a tsakiyar gadon baya ya zubo gefe da gefe, har ya rufe masa idanu kamar labule. A da wannan gashin shi ne garkuwarsa daga sanyi da ruwan sama da cizon abin da yake farauta.

Me ya sa ake cewa ya yi ƙaranci?

A ƙarni na 19 ya yi tashe sosai, domin Sarauniya Biktoriya ta Birtaniya ta kiwata shi, masu hali kuma suka bi sahunta. A zamanin ne aka yi wani kare mai suna Bobby, da ake cewa ɗan wannan jinsin ne, a birnin Edinbura na Sikotilan, wanda ake ba da labarin cewa ya shekara 14 yana tsaron kabarin ubangidansa har shi karen ya mutu a 1872, kuma mutum-mutuminsa na nan a birnin. Daga baya yayi ya wuce, mutane suka koma ga wasu ƙananan karnuka. Ƙungiyar Kennel Club ta Birtaniya, mai yi wa karnuka rajista, tana sanya duk jinsin kare ɗan asalin ƙasar da ake yi wa rajistar kwikwiyo ƙasa da 300 a shekara cikin jerin waɗanda ke fuskantar barazanar ɓacewa, shi kuwa Skye sau da yawa ko 100 ba ya kai wa. Saboda haka mai neman kwikwiyo sai ya yi haƙurin jira na watanni, ya je da kansa ya ga uwar, ya tambayi tarihin lafiyar iyayen. Idan jinsi ya ƙaranta haka, barbara tsakanin dangi na kusa kan yawaita, cututtukan gado su biyo baya, don haka wannan tambayar ba ƙaramin abu ba ce.

Shin kula da gashin nan ba wahala ba ce?

Bai kai yadda ake zato ba, muddin ba a yi sakaci ba. Tajewa sau ɗaya ko biyu a mako ta wadatar, da buroshi da kuma matsefi mai dogayen haƙora wanda zai kai har fata. Ana kwantar da karen a gefe guda, a ɗaga gashin kashi-kashi daga ƙasa zuwa sama, a ɗan yayyafa ruwa don kada ya kakkarye. Inda ya fi cukurkuɗewa shi ne bayan kunnuwa da hammata da tsakanin cinyoyi, kuma idan yatsa ya ci karo da dunƙule, da hannu ake warware shi a hankali kafin a sa matsefi. A lokacin ne ake duba kaska da ƙuma, domin a ƙarƙashin irin wannan gashi suna iya yin kwanaki ba a gan su ba. Wanka kamar sau ɗaya a wata ya isa, ana matsa sabulun cikin gashin ba tare da cuɗawa ba. Kare ne na ƙasar sanyi, don haka a lokacin zafi yana bukatar inuwa da ruwan sha, a kuma fita da shi da sassafe ko da yamma.

To, ina ne babban haɗarin yake?

A ganina yana cikin ƙasusuwansa, abin da sabon mai kiwo bai cika lura da shi ba saboda gashin ya ɗauke masa hankali. Ƙafafun kwikwiyon gajeru ne, jikin da suke ɗauka kuma mai nauyi ne, ƙasusuwan ƙafafun gaba kuwa ba sa gama ƙwari sai ya doshi shekara guda. Idan aka bar shi yana hawa da saukar matakala, yana tsalle daga kan kujera, ko aka riƙa jan shi doguwar tafiya, wurin da ƙashin ke girma zai iya rufewa tun lokaci bai yi ba, ƙafar ta lanƙwashe, ya tashi da ɗingishi. Abin takaici ne a ga lafiyayyen kwikwiyo ya nakasa saboda wasan da mai shi ya ɗauka gata ne yake yi masa. Idan za a ɗauke shi, hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a ƙarƙashin ƙugu, domin doguwar bayan nan ba ta son a bar ta tana lilo. Ƙiba ma tana ƙara mata nauyi, saboda haka a auna masa abinci. An san jinsin da wani ciwon hanta da kuma matsalar ƙoda ta gado, don haka yawan amai, ko rama, ko ƙishirwar da ta wuce kima, dalili ne na garzayawa wurin likitan dabbobi. Idan ya sami kulawa da allurar rigakafi a kan lokaci, yakan rayu shekara 12 zuwa 14.

Yaya halinsa yake a cikin gida?

Yakan zaɓi mutum ɗaya ya manne masa, baƙo kuwa sai ya tsaya daga nesa yana kallonsa har ya gamsu. Yana da kafiya, tsawa da duka kuma ba sa gyara shi, sai dai su sa ya daina yarda da mai shi. Tun yana ƙarami ya kamata a saba masa da mutane da wasu karnuka, a kuma koya wa yara su daina jan gashinsa. Jinin farauta bai bar shi ba, saboda haka gidan da ke da kaji ko zomaye ko kyanwa sai an raba musu wuri, a kan hanya kuma kada a kwance masa igiya.