Shin Barin Bishiya a Gona Asara Ce?

An daɗe ana faɗa a ƙauyukan Gombe da Bauchi cewa barin bishiya a gona ɓata wuri ne, saboda inuwarta tana hana gero da dawa yin kyau. Maganar tana da tushe, domin akwai itatuwa masu duhun inuwa, amma ba kowace bishiya ta shafa ba.

Gawo, alal misali, da damina yake zubar da ganyensa, daidai lokacin da shuka ke buƙatar rana, ganyen ya ruɓe ya zama taki, saiwarsa tana ƙara wa ƙasa sinadarin naitirojin mai sa shuka girma, 'ya'yansa kuma su ciyar da dabbobi da rani. A yankunan Maraɗi da Damagaram na Nijar, tun shekarun 1980 manoma suka daina tumɓuke kututture, suna rage tohonsa su bar masu ƙarfi, har aka farfaɗo da hekta kusan miliyan 5 ba tare da sayen dashe ba, itacen girki ya zama abin sayarwa.

Mai son tabbatarwa ya kwatanta zangarniyar geron ƙarƙashin gawo da ta nesa da shi a gona ɗaya lokacin girbi. Don Allah a isar da wannan bayani ga manoma.