Birnin Kano: sana'o'in hannu, kaɗe-kaɗe, cima da wuraren shan iska

Kano, babban birnin Jihar Kano a arewacin Najeriya, gari ne da kusan kowace al'adarsa ke da unguwarta da lokacinta. Rini yana Ƙofar Mata, gurasa ta yi suna a Jakara, kilishi a Agadasawa, hawa sai da Sallah, tashe sai da azumi. Abubuwa da dama daga ciki ana jingina asalinsu ga zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), wanda ya gina fadar da har yau ake kira Gidan Rumfa, ya kafa Kasuwar Kurmi, ya kuma faɗaɗa ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara a ƙarni na 12.

Rini

Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, ita ce mafi shahara cikin marinun da suka rage a birni. Ramin rini sunansa karofi. Bakinsa ƙarami ne, zurfinsa kuwa ya fi tsayin mutum nesa ba kusa ba, kuma ana shafe cikinsa da laso, wato simintin gargajiya, don kada ruwa ya tsiyaye cikin ƙasa. Kayan haɗin uku ne: baba, toka da katsi. Baba ganye ne da ake dakawa, a dunƙula, a shanya. Katsi kuwa lakar da ke kwantawa a gindin tsohon karofi ce, a kwaso ta, a cura, a busar, a ƙona. Ke nan mataccen karofi ne ke tayar da sabo.

Ana cika ramin da ruwa, a zuba toka da katsi, sannan a kawo baba. Daga nan sai jira da motsawa da doguwar sanda kullum, har kumfa mai ƙyallin shuni ta taso a sama, warin ruwan ya canza. Da bazara karofi kan nuna da wuri. Da hunturu yakan yi nawa, wani lokaci ma ya ƙi tashi sam, domin ƙananan halittun da ke ruɓar da baban ba sa aiki cikin sanyi.

Dalilin wannan wahala duka shi ne launin baba ba ya narkewa a ruwa. Sai ruɓawar ta cinye iskar da ke cikin ruwan, kaifin toka kuma ya taimaka, sannan launin ya sake kama ya narke, ya shiga zare. Shi ya sa yadi kan fito daga karofi kore-kore, sai ya sha iska ya koma shuɗi a gaban idon mai kallo. Marini yakan tsoma yadin na ɗan lokaci, bai kai ko bai wuce minti ɗaya ba, ya ɗago, ya matse, ya buɗe shi ya sha iska, ya sake tsomawa. Shuɗi mai haske ba ya cin lokaci, amma mai duhun da ya kusa baƙi yakan ci sa'o'i ana wannan tsomi da ɗagowa. Jiƙa yadi a bar shi ya daɗe a ciki ba ya ƙara masa duhu yadda sabon shiga ke zato. Yawan fitowa shan iska ne ke tara launi.

Abubuwan da ke ɓata aiki sanannu ne. Sabon yadi mai sitaci, in ba a wanke shi ba, dabbare-dabbare zai fito. Yadin roba ba ya kama baba, sai auduga da dangoginta. In aka riƙa fantsama ruwan karofi ana sa masa iska, launin zai kwanta a ƙasa, ruwan ya raunana. In toka ta yi kaɗan ruwan ya yi tsami ya mutu, in ta yi yawa ta ci hannun marini, ta hana ruɓawa. Ruwan sama ma abokin gaba ne, don haka ake kife bakin kowane rami da murfi. Zanen da ake gani a jikin yadi kuwa galibi aikin mata ne a gida: su ke ɗaure shi da zare ko su ɗinke, inda ɗaurin ya matse rini ba ya shiga. Ɗaurin da ya yi sako-sako zanensa a dushe yake fitowa.

Bayan rini sai bugu. A mabuga ana ninke yadi a kan gungumen ice, a yi ta dukansa da manyan guduma na ice har ya kwanta ya yi sheƙi. Turkuɗi, wanda garin Kura ya yi fice a kansa, ana buga masa garin shuni ne har ya riƙa walƙiya, kuma shi ne Abzinawa ke naɗawa, yana zuba a fatarsu. Heinrich Barth, Bajamushen da ya iso Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ana rinawa a nan suna kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. A yau ramuka da yawa a Ƙofar Mata sun cike da ƙasa, saboda rinin kanti na tukunya ya fi sauri kuma ya fi araha.

Jima da dukanci suna nan su ma. Majema na jeme fatar akuya da bagaruwa, ana ba ta jan launi da karan dafi, dukawa kuma su mayar da ita jaka, takalmi, kube da titimi. Cikin Kurmi ake samun waɗannan, tare da kayan doki, hula, ƙwarya mai zane da tabarmi. Lungunan kasuwar matsattsu ne, baƙo ya fi samun sauƙi in ya shiga da ɗan gari. Tsofaffin kayan kuwa, irin su ƙyauren ƙofofin gari da kayan yaƙi, suna Gidan Makama kusa da fada, wasu kuma a Gidan Ɗan Hausa da ke Nassarawa, inda Hanns Vischer ya zauna lokacin da ya buɗe makarantar boko a 1909.

Kiɗa da hawa

A Kano kowane kiɗa da mai shi. Tambari na sarki ne kaɗai. Kakaki, doguwar busar ƙarfe da ake harhaɗawa gaɓa-gaɓa, ita ma ta sarki ce, kuma tana cikin abubuwan da tarihin Kano ya ce Rumfa ne ya fara. Algaita ta fi sakewa, hakimai ma ana yi musu; mai busa ta yana tara iska a kumatu yana shaƙa ta hanci, shi ya sa sautin ba ya yankewa. Kotso da taushi na mawaƙan fada ne, ana liƙa musu nake, wani irin ɗanko, a tsakiyar fata don murya ta zauna. Kalangu asalinsa na mahauta ne, shi ne kuma kiɗan dambe. Bakinsa biyu, tsarkiya ta haɗa fatun, makaɗi na matse ta a hammata ko ya sassauta, sautin ya hau ko ya sauka daidai da karin maganar Hausa, har mai kunne ya ji kirarin da ake faɗa. Da damina fata kan sha danshi ta saki, sai an gasa ta kaɗan a gefen wuta ko a rana. In aka matsa da gashin sai ta tsage.

Mata na da kiɗan ƙwarya da shantu a gidajen biki. 'Yan Ƙadiriyya na da bandiri, wanda ya fi cika gari ranar Maukibi, jerin gwanon da suke yi duk shekara. Daga goma ga azumi yara kan fita tashe bayan shan ruwa, kuma a Kano Nalako ne sarkin gwauraye, mai zagaye da ayarinsa yana tsokanar marasa aure.

Inda ake jin kiɗan fada gaba ɗaya shi ne hawan Sallah, wanda UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa cikin jerin al'adun gado na duniya a watan Disamba na 2024. Ranar farko hawan idi ne, daga filin Ƙofar Mata zuwa fada. Washegari da la'asar Hawan Daushe, sarki ya ratsa unguwanni, ya tsaya a Babban Ɗaki gaida mahaifiya, ya ƙare a Ƙofar Kudu inda hakimai ke jahi. Rana ta uku da safe Hawan Nassarawa, a kai ziyara gidan gwamnati a zaga ta wajen ganuwa. Sai Hawan Ɗorayi a Ƙaramar Sallah, Hawan Fanisau a Babba. Mai son kallo Daushe ya fi dacewa da shi, amma ya kama wuri tun bayan azahar, kada kuma ya tsaya a bakin hanyar da dawaki ke sukuwa. Ƙarar bindigogin 'yan bindiga kan firgita doki. A 2024 da 2025 an sha dakatar da hawan saboda rikicin masarauta.

Cima

Gurasa ita ce abincin da aka fi sanin Kano da shi. Sunan daga Larabci ya zo, kuma a Sudan akwai mai irin wannan suna, ko da yake yadda ake gasa ta ya bambanta. Ga kilo ɗaya na fulawa ko garin alkama, ana sa yis cokalin cin abinci ɗaya, sukari cokali biyu, gishiri ƙaramin cokali ɗaya, da ruwa mai ɗumi kamar kofi uku. Kwaɓin ya fi na burodi laushi, yana kama hannu. A rufe shi ya tashi, sa'a ɗaya da zafi, biyu ko fiye da sanyi. Ruwan da ya yi zafi da yawa yana kashe yis, kwaɓin ya ƙi tashi.

Ana gasa ta a tanderu, wato babbar tukunyar ƙasa da ake hura wuta a cikinta har jikinta ya ɗauki zafi, harshen wuta ya mutu, garwashi ya rage. Mai gurasa ta jiƙa hannu, ta ɗebi kwaɓi, ta faɗaɗa, ta manna a bangon tanderun daga ciki, ta rufe. 'Yan mintuna kaɗan sun isa. In bango bai yi zafi ba, ko kwaɓin ya cika ruwa, gurasar za ta sulluɓe ta faɗa cikin toka. In zafin ya wuce kima, baya ya ƙone ciki ɗanye. Kwaɓin da ya wuce lokacinsa kuma tsami yake yi.

Bandashe shi ne gurasar da aka yi wa haɗi. Ana dama garin ƙuli-ƙuli da yaji da ruwan zafi, kada ya yi kauri, a tsoma gurasa a ciro nan take, a jera a faranti, a barbaɗa busasshen ƙuli, a yaryaɗa man gyaɗa, a yanka albasa da tumatir da kokwamba a kai. Wanda ya bar ta ta jiƙa a ruwan ƙulin, fate zai ci. Wasu da tsire ko balangu suke haɗa ta, wasu da miya.

Kilishi aikin rani ne. Ana zaɓar tsokar cinyar saniya marar kitse, a feɗe ta da wuƙa mai kaifi har ta zama shimfiɗa siririya kamar takarda, a baza a kan gadon kara ta bushe a rana. Sai a tsoma ta a labu, wato tunkuza da aka dama da citta, kanumfari, masoro, barkono, albasa da gishiri, a sake shanyawa, sannan a gasa sama-sama a kan garwashi na 'yan mintuna. Kitsen da aka bari a jiki shi ke sa kilishi ya yi ɗoyi bayan kwana biyu, wurin da ya yi kauri shi ke fara fumfuna, haka ma in an ƙunshe shi a leda da sauran zafinsa. Takarda ta fi. Nauyin naman yakan ragu ƙwarai wajen bushewa, abin da ke bayyana tsadarsa.

Ɗanwake na safe ne: garin wake da na rogo ko fulawa, kuka don ya kama jikinsa, ruwan kanwa don ya yi laushi. In kanwa ta yi yawa ɗaci zai yi, in kuka ta yi kaɗan ya watse a tukunya. Waina da miyar taushe, fura da nono da rana, kunun tsamiya da ƙosai da azumi, alkaki da nakiya a garar amarya, duk waɗannan Kano ta yi tarayya da sauran ƙasar Hausa a kansu.

Wuraren shan iska

Dutsen Dala, mai tsayin kimanin mita 534 daga saman teku, shi ne tushen garin, inda labari ya ce Barbushe ya zauna yana hidimar Tsumburbura. An yi masa matakala, hawansa ba ya wuce 'yan mintuna. Daga sama ana hango Goron Dutse, hasumiyoyin babban masallaci da abin da ya saura na ganuwa. Da sassafe ko bayan la'asar ya fi daɗi, musamman daga Maris zuwa Mayu lokacin da zafi kan haura digiri 40. Da hunturu hazo kan rufe gari har a rasa abin gani. Ranar Takutaha, mako guda bayan Mauludi, dutsen cika yake maƙil, wanda ba ya son turmutsutsu ya zaɓi wata rana.

Gidan Zoo, mai ɗauke da sunan Audu Bako, gwamnan farko na jihar, nan iyalai ke kai yara da Sallah. A zamanin gwamnan aka gina madatsar ruwa ta Tiga, kudu da birni, wadda aka kammala a 1974, kuma ita da tafkin Bagauda su ne wuraren da 'yan makaranta da matasa ke zuwa yawon buɗe ido na yini guda. Ana fita da safe a dawo kafin magariba, da ruwan sha da abinci daga gida. Wanka a gefen ruwan da ba ya gudu yana jawo tsargiya, wadda alamarta fitsarin jini ne makonni bayan an dawo. Kwalekwale kuwa a ƙirga mutanen da ke ciki kafin a shiga: lodin da ya wuce ƙa'ida na cikin abin da aka ɗora wa alhakin kifewar wani kwalekwale a Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021, inda yara 'yan makarantar Islamiyya da dama suka rasu.