Waiwaye: Daga Maigidan Zango Zuwa Amintattun Ƙungiya a Legas

Tun kafin a san ƙungiya mai rajista, Hausawan Legas suna da hanyar ɗaukar nauyin juna. Da layin dogo ya haɗa Ikko da Kano a 1912, fataken goro da na shanu suka yawaita, zango ya bunƙasa a Agege. Baƙo in ya sauka, hannun maigida yake faɗawa. Shi zai ba shi masauki, ya ajiye masa kuɗi, ya tsaya masa in ciniki ya rikice. In mutum ya rasu ba dangi a kusa, maigida ne ke sayen likkafani. Daga cikin irin waɗannan dattawa ake naɗa Sarkin Hausawa, kuma jarinsu duka amana ce, ba takarda ba.

Ƙungiyoyin addini suka buɗe wata ƙofa. Jama'atu Nasril Islam, wadda aka kafa a 1962, da Izala a 1978 sun zo da 'yan agaji masu kaki. Saurayin da ke sauke buhun albasa a kasuwar Mile 12 sai ya koyi ɗaure rauni da tsara sahu ranar Idi, a hankali ya zama sakataren reshe. Mata kuma suka sami tasu hanyar ta Islamiyya da FOMWAN, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Najeriya, wadda aka kafa a 1985.

Rikici ne ya nuna inda gibi yake. A Idi-Araba cikin Fabrairun 2002, da Mile 12 a Maris 2016, da lokacin hana acaba a 2020 da 2022, an nemi wanda ya iya Yarabanci da Turanci, zai rubuta takardar koke zuwa Alausa, mazaunin gwamnatin jihar Legas, ya karɓi belin mutane. Nan tsofaffin ma'aikata, malaman makaranta da matasan lauyoyi haifaffun Legas suka shigo gaba. Ba su ture dattawa ba, sun zama alƙalaminsu.

Sai doka ta ƙara nata. Tun bayan dokar kamfanoni ta 1990, hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC, ke yi wa ƙungiyoyi rajista da sunan amintattu, wato waɗanda aka danƙa wa amanar dukiyar ƙungiya. Ana rubuta tsarin mulki, a buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko wani zai kawo ƙorafi. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba hukumar ikon dakatar da amintattu in an yi wasa da dukiya, banki kuma kan nemi shaidar SCUML, sashen yaƙi da halasta kuɗin haram, kafin ya buɗe asusu.

A nan ake yawan tuntuɓe, kuma abin yana ci mana rai. Ana zaɓen amintattu don girmamawa, sai ɗaya ya rasu, ɗaya ya koma Arewa, ba a sanar da CAC ba. Ranar da za a cire kuɗin marayu, babu mai sa hannu. Filin makaranta kuma a saye shi da sunan shugaba, bayan ransa magada su ce gado ne. Rahoton shekara a manta da shi har tara ta taru. Maganin ba tsada: mutum uku masu sa hannu, biyu su isa, takardar fili da sunan ƙungiya, littafin kuɗi da ake karantawa a gaban jama'a duk wata. Sannan kowane ma'aji ya sami matashi a gefensa da ya san inda fayil yake.